Katin Bawa Da Ya Ƙi Amsa Sallama

Har yau ban manta da ranar da taubashina Bawa ya zo karɓar taki a rumbunmu na Talata Mafara ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ƙungiyar manoman rani, ni ke riƙe da na'urar tantance kati.

Ga wanda bai san aikin ba, kowane manomi yana da kati mai ɗan ƙarfe ruwan zinare a jiki. Ƙarfen nan ƙaramar kwamfuta ce, da mabuɗin sirri a cikinta wanda ba ya fita. Duk sa'ad da aka zura katin, na'ura takan yi masa sabuwar tambaya, shi kuma ya lissafa amsa da mabuɗin. In amsa ta yi daidai, sai manomi ya danna lambarsa ta sirri a ba shi taki.

Bawa ya iso daga garinsu Janbako, muka gaisa har kan awaki, ya miƙo kati. Ina taɓawa na gane hoton katin ne aka buga aka liƙe da leda. A gurbin ƙarfen kuwa takardar alewa ce aka yanka da kyau.

Na zura, na'ura ta yi shiru.

"Mi ya hwaru?" in ji Bawa.

"Katinka ya ƙi amsa sallama. Ko kun yi faɗa a hanya? Lallashe shi."

Ya karɓa ya hura masa iska, ya goga a hula, ya ce, "Haba kati, kak ka ba ni kunya." Layi ya kwashe da dariya.

Dariyar ce ta fito da shugabarmu, Hajiya Asabe. A dokarmu kuwa mai katin jabu soke sunansa ake yi, ga shinkafar Bawa tana jiran taki.

Ta duba katin ta ce, "Malam, ina ka samo wannan?"

"Hajiya, ku kunka ce a adana shi. Na asali na can ƙasan adaka, wanga na yawo ne."

Hajiya ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya. Ta ce a ware buhunansa, ya koma ya ɗauko na gaskiya. Ni kuma, tunda na iya wasa da manoma, in kai shi Janbako a babur ɗina.

A ramukan hanyar nan na koyi cewa kati ya iya tsare sirrinsa, amma bayanin yadda ake aiki da shi namu ne. Tun daga ranar nake gaya wa manomi: adana lambar, ka zo da katin.