Baba Injiniya da Hedifon Talatin

Kafin a buɗe ɗakin sauraro na cibiyarmu ta makafi, Baba Injiniya ya riga ya goge kowane hedifon, ya duba wayarsa, ya ɗora a kunne. Ba da kiɗa yake gwaji ba. Muryar mai karanta darasi yake kunnawa, ya rage ta ƙasa-ƙasa. Idan ƙarshen kalma ya ɓace, hedifon ya faɗi. Sabo kuwa wuni yake yi da shi a kai, har shara yake yi da shi, domin a cewarsa ciwon kunne ba ya sallama sai a awa ta uku. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma a watan nan zai ajiye aiki.

Bara aka kawo mana sababbi guda talatin, masu sheƙi, irin na sutudiyo. Cikin mako biyu wata ɗalibarmu, tela da ta rasa ganinta da girmanta, ta ce ta haƙura da karatun. Kanta ke sarawa, ga jarrabawa saura wata uku.

Baba ya ƙi sa hannu a takardar karɓar kayan.

"Haba Baba," in ji shugaban cibiya, "waɗannan fa na ƙwararru ne. Ko kunnen ne ya tsufa?"

"Ya tsufa, ranka ya daɗe, amma bai fara ƙarya ba. Sautinsu tas yake, sai dai da kaifi, ga matse kai. Ƙwararre yakan cire ya huta. Ɗalibanmu kuwa littafinsu ke nan. Sa ɗaya zuwa azahar. In ka kai, ni zan rubuta takardar barin aiki."

Shugaba bai kai ƙarfe sha ɗaya ba. Muna kallo ya zare shi yana murza kunne, ya ce a kira mai kawo kaya.

Baba da ƙafarsa ya je gidan telar, riƙe da tsohon hedifon da ya sake wa soso. "'Yata, gwada wannan. In ya dame ki, da ni za ki yi fushi, ba da karatu ba."

Ta dawo. Ta zauna jarrabawa, ta ci.

Kai ne, Baba, mai gadin kunnuwan da ba naka ba, ka jingina aikinka domin kada baiwar Allah guda ta koma gida. Mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya bar maka jinka har ƙarshen rayuwa.

Ku kuma masu amincewa da kayan da wasu za su rayu da su, kafin ku ɗauki alƙalami, ku fara ɗora wa kanku.