Ɗigon da Anti Madubi Ta Nema

A wurin aiki Anti Madubi ake kiranta, don duk sanda ka shiga ɗakin gwaje-gwaje za ka tarar da idonta manne da madubin ƙara girma. Tun tana budurwa ta fara, ga shi har furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali.

Akwai wani sinadari da jikin mutum ke yi, mai narkar da nama da guringuntsi. In ya tsaya daidai, rauni yake taya warkewa. In ya yi yawa, gaɓɓai yake cinyewa. Farfesa, shugaban ɗakin, so yake ya san inda ƙwayar gadon da ke sa a yi sinadarin take zaune a jikin zaruruwan gadon ɗan'adam. Anti Madubi ce mai shimfiɗa zaruruwan a kan gilashi, ta sa musu rini, ta yi ta neman wani ɗigo mai haske da zai nuna mazaunin ƙwayar. Sau tari rinin ba ya kamawa. Akwai shekarar da firji ya mutu a lokacin hutu, aikin wata da watanni ya tafi kwandon shara. Ko tsaki ba ta yi ba, ta ɗauko sabbin gilasai.

A gida kuma Inna, mahaifiyarta, na fama da gwiwoyi. Kullum Anti Madubi ta dawo sai ta ɗora ruwa ta gasa mata.

"Ku da kuke bin abin nan, har yau ba ku kama shi ba?" in ji Inna.

"Gidansa muke nema tukuna, Inna."

"To in kun samu gidan fa? Sallama za ku yi masa?"

Sai Anti Madubi ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta matse tsumma.

Inna ba ta ga ƙarshen neman ba. Da jan gindi ta ƙarasa kwanakinta, daga tabarma zuwa bakin ƙofa.

Ranar da ɗigon ya fito a wuri guda, gilashi bayan gilashi, Farfesa ya yi ta tafi kamar yaro, aka aika sayen lemo. Ita kuwa tabarau ta cire, ta dafe wuyanta da ke sara, lemon ya huce a gabanta.

Washegari Farfesa ya leƙo da fara'arsa. Ashe sinadarin na da 'yan'uwa rututu, kowanne sai an nemo mazauninsa.

Ta dube shi, ta dubi tulin gilasan da ke jiran wanki.

"To, Farfesa," ta ce. "Amma don Allah a samo mini kujera mai majingini."