Mbekeni da Reshen Magarya

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin tsoho Mbekeni majemi, mai gida a hayin kogi.

Yana saurayi Sarki ya sa aka tattaro su, shi da duk sa'o'insa, aka ba kowa garkuwar fatar baƙin sa. Rundunar da suke kira ibutho ke nan, daga kalmarsu butha, wato tattarawa, kamar yadda mata ke haɗa itace su ɗaure dami. Tare suke ci, tare suke rawa, ba mai aure sai Sarki ya sallame su gaba ɗaya. Ranar da suka gamu da bindigogin Turawa, Mbekeni ya dawo. Amininsa Sikwata bai dawo ba.

Ya auri Nozizwe, ƙanwar Sikwata, suka haifi Velaphi, ya tsufa yana jimar fata. Da ciwo ya kwantar da ita, ta ce ba za ta je wurin kakanni wanta na yashe a daji ba. Me za ta gaya musu? Har da gori: "Baban Velaphi, ranar ai ƙafarka ta fi tasa sauri. Sai ka koma ka ɗauko shi."

Ya yanki reshen magaryar kura, ya nufi filin da su Sikwata suka faɗi. A al'adarsu, wanda ya ɗauko kurwar mamaci a reshe, da reshen kaɗai yake magana har cikin gida. In ya amsa wa wani, mamacin ya tsaya nan. Mbekeni ya durƙusa cikin ciyawa, amma baki ya saba. Maimakon ya kira Sikwata da sunansa da na ubansa, sai ya yi kiran da ake tashinsu da shi a sansani, sunan rundunar duka.

Ciyawa ta kwanta, ba kuwa iska.

A hanya yana gaya wa reshen, ga kogi mu haye, ga gangare a bi sannu. Bayansa yana jin sawu ba adadi, da gogar garkuwa da garkuwa. Bai waiwaya ba.

A bakin shingen gida ya tsaya. Akuya ɗaya aka tanada, da tukunyar giya ɗaya, don tarbar Sikwata shi kaɗai. Daga ɗaki Nozizwe ta ɗaga murya da ƙyar: "Ka zo da shi?"

In ya amsa, Sikwata ya kwana a waje har abada. In ya shiga da bakinsa a rufe, duk su shigo, 'ya'yan mutane da nasu gidajen ke jira. Kai da ke zaune, da kai ne riƙe da reshen, za ka amsa mata?