Wanzami ya zo duba tabon Baba

Jiya muna zaure a Kaura sai ga Malam Sani wanzami, aminin Baba, ya zo dubiya daga Sakajiki.

Sankarar jini ce ta ci ƙashin bayan Baba har ya karye, daga kwance yake salla. Likitoci suka zura allura, suka ɗura wa ƙashin wani irin siminti.

Malam Sani ya ce, "Alhaji, ɗaga riga in ga aikin."

Ya duba, ya shafa. "Wannan ɗigon? Wallahi tsagar ƙahona ta hi shi!"

Baba ya tuntsire da dariya, ya miƙe. "Taho mu tai masallaci."

Ana ci gaba da maganin sankarar, amma jiya a tsaye Baba ya yi la'asar, ina bayansa ina share hawaye. Ku taya mu godiya, ku sa shi a addu'a.