Ranar da Aka Shayar da Katakon Ɗakin Inna Makuba

Shekarar da Inna ta zame a ɗakinta ta bugu a gwiwa, Yayanmu ya ɗauke ta daga gidanmu na Ƙofar Kuyambana ya kai ta gidansa a Tukur-Tukur. Gida ne mai kyau, tayil ko'ina, har mutum yana ganin haƙoransa a ƙasa. Amma Inna ta ƙi ci, ta ƙi hira, kullum tana bakin gado tana kallon ƙofa. Duk zuwan da na yi sai na tarar ta ƙara ramewa, abin yana ci mini rai.

Yaya ya kafa sharaɗi: ba za ta koma ba sai an gyara ƙasan ɗakinta. Simintin da aka shafa kan tsohon daɓe ya farfashe, ga sanyi ga danshi. Na ce na ɗauki aikin, kuma katako za a shimfiɗa, don ba ya sanyi a ƙafa. Ni ce auta, ba a taɓa damƙa mini abin da ya wuce dafa shayin baƙi ba, don haka kaina ya fasu.

Kafinta ya kawo mini samfuri biyu. Ɗaya gundarin maɗaci ne, katako zalla daga sama har ƙasa, mai nauyi, ja wur. Ɗayan kuwa falle-falle ne da aka manne da gam, aka lulluɓe samansa da fatar katako mai kyau. Ya ce na farkon ya fi daɗewa amma ba ya shiri da ruwa, na biyun ya fi jure danshi. Wallahi sai na zama kamar wadda aka yi wa asiri. Na zuba su a jaka ina yawo da su har ofis, in fito da su in ƙwanƙwasa, in shinshina, in tambayi wanda bai tambaye ni ba. Abokan aikina da sun hango ni da jakar sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Ni mai falle nake so, don na san ginin ƙasa da damina. Yaya ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan ai jabu ne, fuska kawai. Gidanmu ba a sa irin wannan." Muka ja, muka ja, ƙarshe muka kai wa mai ɗaki. Inna ta sa aka ajiye su a ƙasa, ta taka kowanne da tafin ƙafa, sannan ta ɗauka ta ɗora goshinta a kai ɗaya bayan ɗaya, don nan za ta riƙa sujada. Ta ce maɗacin ƙanshin allo yake yi. Shi ke nan, an kayar da ni, amma ko a jikina, tunda na ji ta zaɓi wani abu da bakinta.

Aka shimfiɗa maɗaci, ɗaki ya fito kamar na amarya. Na kwanta a kai na yi birgima, da girmana, kafinta yana kallon rufi. Muka dawo da Inna ana tsakiyar damina. Yaya ya ce zai zo ran Juma'a ya duba, in ya ga abin da bai yi masa ba, a motarsa za ta koma.

Washegari na taso daga aiki, tun daga zaure na ji waƙa da wani bugu, dim, dim. Na shiga da gudu. Ashe tsofaffin ƙawayen Inna na unguwa sun ji an yi mata sabon daɓe, kuma a wurinsu sabon daɓe bai kammala ba sai an shayar da shi makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa don ƙasa ta yi ƙarfi, mata su bi shi da madaɓi suna bugu. Sun tono madaɓansu daga inda suka ɓoye su shekara da shekaru. Sun kwarara makuba a kan maɗacina har tana kwanciya, sun durƙusa suna dukansa.

Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ga Inna. Tana kan kujera 'yar tsugune a tsakiyarsu, ɗankwali ya zame, ita ke ba da waƙa suna amsawa, tana dariya har da hawaye. Wata tsohuwa ta miƙo mini madaɓi ta ce, "Auta, tsayuwar me kike yi? Kama nan." Na san sarai abin da ruwa zai yi wa katakon nan. Na tuɓe takalmi, na ɗaure gyale a ƙugu, na durƙusa. Ban taɓa jin daɗin ɓarna irin na ranar ba, na fi kowa bugu.

Kafin Juma'a katako ya sha ya ƙoshi. Ya kumbura, tsakiyar ɗaki ta tashi kamar kunyar dankali, ƙofa ma sai an sa kafaɗa. Na rufa tabarma a kai, tudun ya fito. Na ƙara darduma, ya ƙara fitowa. Sai lokacin tsoro ya kama ni, don abin da ya fitar da ita daga ɗakin nan tun farko bai kai wannan ba.

Yaya ya zo bayan an sauko daga masallaci. Ya tura ƙofa da ƙyar, ya ɗaga tabarma, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Inna, wannan zai sake kayar da ke. A haɗa kayanki."

Inna tana cin ɗanwake a kwano, ba ta ɗago ba. Ba ta yi wa ɗan fari magana kai tsaye, sai ta bi ta kaina. Ta ce, "Auta, gaya wa wancan, na san inda tudun yake, zan kewaye shi. A can gidan ba abin da zan yi tuntuɓe da shi, kuma ba wanda zai zo."

Ban maimaita ba, ya ji. Ya tsaya yana kallon yadda take suɗe kwano da yatsa, ta miƙo mini ta ce in ƙaro mata. Ya fita tsakar gida ya ciro waya. Na ji ya kira kafinta ya ce ya zo gobe ya kwantar da tudun nan, ko da wane irin katako ne. Sannan ya kira matarsa ya ce a haɗo sauran kayan Inna, a kawo su cikin gari.