Ƙwallayen Aduwar Mushe Garba

Ranar Talatar makon jiya, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ina tsaye a wani shagon buga takardu a Tawa zan yi kwafin shaidar kammala karatuna, sai wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, babbar 'yar Mushe Garba. Ta ce, "Salisu, Baba ya cika." Na tambaye ta yaushe. Ta ce bayan azahar, a ɗakinsa, bayan jinyar kwana tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban samu jana'iza ba. Motar ƙarshe mai zuwa garinmu ta riga ta tashi, sai washegari na isa.

Mushe muke ce wa malamin boko a wajenmu. Mushe Garba ne ya koya mini karatu da rubutu a lakwal, wato makarantar boko ta garinmu, arewa da Tawa, kamar yadda ya koya wa yayyena. Dogo ne, marar yawan magana, kuma ba a rasa guntun alli a aljihunsa ko bayan ya yi ritaya. Idan aka kawo masa ƙarar wani, tambayarsa ɗaya ce: "Ka gani, ko an gaya ma?" Da wannan tambayar nake so in yi wannan rubutu, domin akwai abin da aka faɗa a kansa shekaru, kuma ni na ga yadda aka yi.

Kafin zaɓen kansiloli na ƙarshe, jam'iyyar da yake ciki ta ce kowane yanki ya fitar da wanda za a sa a lista, wato jerin 'yan takararta. A da, yadda ake yi shi ne a tara wakilan ƙauyuka a ƙofar wani babba, a kira suna, a ɗaga hannu. Mutane sun daɗe da cewa wannan wasa ne, an gama magana tun a Yamai. Mushe ne sakataren reshenmu, ya ce a wannan karon ba za a yi haka ba. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Wanda ya ɗaga hannu gaban mai ba shi hatsi da rani, ba shi ne ya zaɓa ba."

'Yan takara uku ne. Akwai Ibro, manomi, wanda ya haɗa kan mutane aka gyara rijiyar da makiyaya da manoma ke sha. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa mazaunin Yamai. Na ukun dattijo ne da bai sa rai sosai ba. Mushe ya sa aka kewaye wuri da zana a farfajiyar gidansa, ya aje tuluna uku masu ƙaramin baki. Da yake yawancin wakilan ba su karatun boko, ya aza hular Ibro gaban tulu ɗaya, carbin Alhaji gaban na biyu, rawanin dattijon gaban na uku. Ya ba kowane wakili ƙwallon aduwa guda, wanda ya yi wa ɗigon jan tawada da hannunsa. Har yashi ya zuba a gindin tulunan, don kada na waje su ji inda ƙwallo ya faɗa.

Agali, wani tsohon makiyayi daga wajen hanyar Tebaram, ya tsaya a bakin zanar ya ce, "Mushe, in na jefa, wa ka gani?"

Mushe ya ce, "Allah kaɗai."

"Shi ai ya riga ya sani. Alhaji ne ban so shi sani."

Aka yi dariya, har da Alhajin. Wakilai arba'in da ɗaya suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Aka juye tulunan a kan tabarma gaban kowa: Ibro ashirin da shida, Alhaji goma sha ɗaya, dattijon huɗu. Ni na rubuta takardar sakamakon, kwafi biyu, domin lokacin ina shekarar farko a jami'a, na zo gida hutu. 'Yan takarar duka uku suka dangwala yatsa.

Daga nan ne nake da laifi. Washegari zan koma Tawa, sai Mushe ya ba ni takardun in kai biro, wato ofishin jam'iyya. Ya ce, "Ka ba su ɗaya. Ɗayar su buga mata tambari ka maido min. Kada ka fito ba ita." Ya faɗa sau biyu. Da na je, mutumin da na tarar ya karɓa ya duba, ya ce, "Kawo duka biyun. Mai tambari ya yi tafiya, ka komo jibi." Na riƙe ɗayar a hannuna. Ya ce, "Ɗan lakwal, ba ka yarda da mu ba ne?" Kunya ta kama ni, na miƙa masa. Na koma bayan kwana huɗu, saboda jarrabawa, aka ce an tura komai gaba. Da lista ta fito, sunan Alhaji ne a ciki. Babu na Ibro ko a ƙasa.

Na je na gaya wa Mushe yadda aka yi. Ya ce, "Ka gaya ma wani?" Na ce a'a. Ya ce, "To kada ka gaya. Kana da karatu gabanka, kuma uwarka cikin garin nan take ɗibar ruwa." Ya je Tawa da kansa sau biyu ya yi ƙorafi. Aka ce ya kawo takarda. Ba shi da ita.

Mutanen gari ba su san wanda ya ɗauki takardun ba, sun dai san Mushe ne ya ce su yarda. Sai maganar ta faɗa kansa. Aka ce dama baki ɗaya ne da manya, tulunan ma don a rufe wa talaka ido ne. Idan ya ratsa kasuwa sai wani ya ɗaga murya, "Mushe, ina ƙwallonmu?" Masu kawo masa wasiƙu da takardun likita ya karanta musu suka koma wurin wani. Ibro, wanda ya zauna a ajinsa, ya daina gaishe shi. Ranar babban zaɓen na ga rumfar jefa ƙuri'a kusan ba kowa. Agali ya ce mini, "Mun jefa sau guda, mun ga inda ya faɗa. Ya isa."

Mushe bai taɓa kare kansa da sunana ba. Duk hutun da na zo sai ya tambaye ni jarrabawa, ya duba makina kamar ina aji uku. Ni kuma na yi shiru shekara da shekaru, ina ce wa kaina ai shi ya hana ni. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji.

Ranar da na je ta'aziyya, Inna Rakiya, matarsa, ta kira ni ciki ta miƙo mini ƙullin tsumma uku. Ta ce, "Ya ce in ka zaka a ba ka. Bai ƙara komi ba." Na kwance. Ƙwallayen aduwa ne, kowanne da ɗigonsa na ja. Na ƙirga sau uku: ashirin da shida, goma sha ɗaya, huɗu. Na san ba hujja ba ce a gaban kowace hukuma, yanzu ma ba su da abin da za su gyara. Amma ranar addu'ar arba'in zan zuba su a tabarma gaban Ibro da duk wanda ya zo, in faɗi abin da na rubuta nan da bakina: sakamakon ya bar hannun Mushe Garba daidai, a hannuna ya fita, kuma ni na saki takardar da ya ce kada in saki.

Allah Ya jiƙan Mushe, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya haɗiye ya zama nauyi a ma'auninsa. Allah Ya ba Inna Rakiya da Hadiza da ƙannenta haƙuri, Ya tsare musu mutuncin da ya bar musu.

Saura abin da ban sani ba. Ban san wanda ya canza sunan ba, ko a Tawa ne ko a Yamai. Ban san ko Alhaji ya nemi a yi hakan ba, don haka ban zarge shi ba. Ban san sunan mutumin da na ba takardun ba, ban tambaya ba. Ban san ko Agali zai sake jefa ƙuri'a a rayuwarsa ba. Ban san ko Mushe ya aje mini ƙwallayen don in yi magana ne, ko don in riƙa tunawa. Kuma ban san ko ya yafe mini ba, domin duk zaman da muka yi, ban taɓa buɗe baki na roƙe shi ba.