Makara Babu Gawa a Tashar Brannasay

Duk tsibirin Brannasay babu wanda bakin Dolina MacCuish bai taɓa sara ba. Ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa 'yan makaranta abinci, saboda haka yawancin mazan garin da miyarta suka girma, da kuma faɗanta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ga murya kamar mai kiran tumaki daga wancan tudu. In ta shiga shago ta riƙe ƙugu, har limamin coci sai ya tuna yana da uzuri a waje.

Mijinta Tormod kuwa Allah ya yi shi da sanyi. Masunci ne mai 'yan tumakinsa, yakan wuni bai yi maganar kirki ba. Mutane kan ce Dolina ce ta cinye masa rabonsa na magana, shi kuma ya ce bai ga asarar da ya yi ba, tunda duk abin da zai faɗa ta riga ta faɗa, har da ƙari.

Shekarar da aka yi ƙuri'ar ba Sikotlan majalisar kanta, Dolina ta bi gida-gida cikin ruwan sama tana neman a ce e. Hujjarta ɗaya ce tak, kuma a kowace ƙofa ita take maimaitawa: "Landan ta yi mana nisa. Mutumin da ke can ko sunan tsibirin nan bai iya faɗa ba. A kawo mana gwamnati nan kusa, inda in ta yi mana ba daidai ba zan miƙa hannu in kamo kwalar rigarta."

Da ta dawo gida sharkaf, Tormod yana ɗinkin ragar kifi, ya ce, "To, ranar da kika kamo kwalar, ki kira ni in gani."

"Zan kira ka, sarkin sanyi," in ji ta. "Kai dai kada ka yi nisa."

Mu a nan rayuwarmu duk a wuyan jirgin fito take. Shi ke kawo gari da mai da magani, shi ke kai raguna kasuwa, in kuma ajali ya riski mutum a can babban yankin ƙasar da ke ƙetaren teku, shi ke dawo da shi gida. Jirgin namu ya girmi 'ya'yan Dolina. Aka yi alkawarin sabo, aka tafa, aka koma jira. Yaran da aka haifa shekarar alkawarin suka shiga makaranta, kuɗin aikin ya ninka ya sake ninkawa, jirgi yana can wurin maƙera yana tsatsa tun bai taɓa ruwa ba. Abin da dai aka gama shi ne sabuwar tasha, ƙatuwa, mai fitilu da benci da rumfar gilashi, ba abin da ke tsayawa a jikinta sai tsuntsayen teku.

In ka tambayi kamfanin da ke tuƙa jirgin, ya ce shi haya yake yi, jirgi na wata hukuma ne. Hukumar ta ce ma'aikata ce ba ta sa hannu ba. Ma'aikata ta ce daga can sama, wato Landan, aka rage mata kaso. Na sama su ce ai an ba ku mulkin kanku, ina ruwanmu da jirginku? Haka ake ta gara mu. Dolina ta je kowane taro, ta yi faɗa har muryarta ta dishe, ta dawo hannu babu kwalar kowa. Tormod kuwa sai dai ya dubi hannun nata ya yi murmushi, ya zuba mata shayi.

Cikin sanyin bara zuciyar Tormod ta buga. Jirgi mai saukar ungulu ya kwashe su zuwa asibitin babban yanki, can kuma ya cika, hannunsa a cikin nata. Dolina ta biyo ƙaramin jirgin sama ta dawo don ta buɗe gida ga masu gaisuwa, a kan cewa gawar za ta biyo jirgin fito washegari. Washegari injin jirgin ya tsaya cik. Wanda zai maye gurbinsa yana wani tsibirin, su ma da nasu kukan. Ƙaramin jirgin sama ba ya ɗaukar akwatin gawa, kwale-kwalen masunta kuma ba sa iya ƙetare wannan teku a irin wannan lokaci.

Aka haƙa kabari kusa da na iyayensa, ruwan sama ya cika shi, aka kwashe, ya sake cika. Kullum da yamma dattawa na zuwa a rera Zabura a falon Dolina, a gaban kujeru biyu da aka jera don ɗora akwatin da bai zo ba. Mako ya wuce, na biyu ya kama. Sai ɗanta Lachie ya kira daga Glasgow, can babban yanki inda gawar take.

"Mama, masu ajiyar gawa sun ce ba za su wuce ƙarshen makon nan ba. Ko dai a binne shi a nan, ko a ƙona, in zo miki da tokar a jirgin sama."

"A ƙona wa?"

"Mama, ki saurare ni..."

"Uban naka zan karɓa a gwangwani kamar ganyen shayi? Mutumin da tun yana saurayi babu gawar da aka kai maƙabartar nan bai sa mata hannu ba? Lachie, kashe wayar nan tun ban faɗa maka abin da zan yi da-na-sani ba."

Ta ajiye wayar ta yi kuka, kuka na gaske, irin wanda ba ta yi ba ko a asibiti. Tsoro ne ya kama ta, tsoron kada mutumin da bai taɓa son kwana a wani gari ba ya kwanta har abada cikin baƙi.

A shago ta ji labarin. Wai jibi wani ƙaramin minista, Mista Gilfillan, zai zo ya buɗe sabuwar tasha. Ta ce da wane jirgin? Aka ce an yi masa shatar wani mai ƙarfi, wanda ba ruwansa da igiyar ruwa. Dolina ta ajiye burodin da ta ɗauka, ta fita.

Gidan Seoras MacAulay ta nufa, dattijon cocin da makarar gari take hannunsa. A nan ba mota ke kai mutum kabari ba. Maza kan jeru sahu biyu a bayan makara, huɗu na riƙe da hannuwanta. Kowa ya ɗan taɓa tafiya, na bayansa ya dafa masa kafaɗa ya karɓa, shi kuma ya koma ƙarshen sahu. Makara ba ta taɓa ƙasa sai a bakin kabari, kuma ba mai sakin hannunta sai an dafa shi. Duk namijin da ya ci karo da ita a hanya, ko baƙo ne, sai ya cire hula ya shiga sahu. Mata kuwa iyakarsu ƙofar gida.

"Jibi da safe ka fito da makara," in ji Dolina. "Jana'izar Tormod za a yi."

"Dolina, baiwar Allah, ina Tormod ɗin?"

"Tasha za mu je mu tarye shi, kamar yadda ake taryen kowa."

"Haba! Tunda nake ban taɓa jin an fito da makara wofi ba. Me mutane za su ce?"

"Tunda kake ka taɓa jin an ƙona ɗan Brannasay? Seoras, shi ya riƙe hannun gaba ranar da aka kai matarka. Ko ka manta?"

Seoras ya tashi ya ɗauko makullin ɗakin makara.

Ranar ta zo da iska. An ɗaura jan ƙyallen da minista zai yanka a bakin tasha, an kawo mai busa, ga 'yan jarida da na'urorinsu. Mista Gilfillan, dogo ne mai fara'a, ya hau mumbari yana gaya wa 'yan mutanen da suka taru cewa shi ma jinin tsibiri ne, kakarsa a irin wannan wuri aka haife ta, al'adunmu a ƙirjinsa suke. Yana cikin haka mai busa ya tsaya. Daga kan tudu mazan gari kaf suka gangaro cikin baƙaƙen kaya, sahu biyu, ba mai tari, makara a lulluɓe da baƙin mayafi. A gabansu, inda mace ba ta taɓa tafiya ba, ga Dolina da hular zuwa coci.

Huluna suka sauka. Seoras ya je gindin mumbari ya ce a hankali, "Yallaɓai, tunda kai ɗan gida ne, ka san abin da ake yi."

Ya sani ko bai sani ba, bakinsa ya riga ya ɗaure shi, ga kuma na'urori na kallo. Ya sauko ya shiga sahu, layi ya zo kansa, ya dafa kafaɗar na gabansa, ya kama hannun makara ya tattaro ƙarfinsa don ɗaukar nauyin mutum. Makara ta yi sama fayau, har sai da ya yi tangaɗi. Ya dubi mayafin, ya dubi Seoras.

"Ina... ina mamacin?"

"Abin da muka zo tambayarka ke nan, ranka ya daɗe," in ji Dolina.

Sahu ya tsaya a gaban jan ƙyallen. Sauran hannuwa uku ana ta canza su yadda aka saba, wannan ya dafa wancan ya karɓa. Hannun da minista ya riƙe kuwa ba wanda ya zo ya karɓa. Ya waiga, na bayansa ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa.

"Sunana Dolina MacCuish. Mijina Tormod yana can cikin firjin mutane a babban yanki, an ce jibi za a ƙona shi saboda babu jirgi. Kai da me ka zo?"

"Uwargida, ina yi miki ta'aziyya da zuciya ɗaya. Maganar jirgi tana da sarƙaƙiya. An kafa kwamiti, kuma kason da muke samu daga..."

"A'a, tsaya nan. Wannan waƙar na iya ta, in kana so in rera maka ita har da amshi. Ni na bi gidajen nan cikin ruwa na ce a zaɓi majalisarku. Ba don kun fi na Landan kyau ba, kai ma ka san ba ku fi su ba. Na ce ku dai za ku kasance kusa. To ga ka kusa. Ba Landan ce ta yi maka shatar wancan jirgin ba, ko ita ce?"

Wata ma'aikaciyarsa ta raɗa masa cewa ya ajiye kawai su tafi. Seoras ya ji, ya ce, "Ba a ajiyewa, 'yata. Kakarsa ba ta gaya masa ba?"

Makara wofi ba ta da nauyi, amma a sunkuye ake riƙe ta, ga iska mai yanka. Yatsun minista suka yi fari, gumi ya keto masa cikin wannan sanyi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga murya. Mutane dai suka tsaya suna kallonsa yadda suka daɗe suna kallon teku. Can ya ɗago ya dubi Dolina sosai, fara'ar nan ta mumbari ta gushe daga fuskarsa.

"A gaya wa matuƙin ya tayar da inji," ya ce da ma'aikaciyar. "Ya je ya ɗauko mamacin."

"Kai kuma fa, yallaɓai?" in ji ta. "Akwai zaman majalisa gobe."

"Zan jira."

"Za ka saba," in ji wani daga ƙarshen sahu. "Mu ma da haka muka fara."

Duk da haka ba namijin da ya motsa. Dolina ce ta tako, ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa, can sama daf da kwalar rigarsa, ta ɗan jima a wurin kafin ta karɓi hannun makarar. Seoras ya buɗe baki zai ce mace ba ta riƙewa, ya sake tunani, ya rufe.

Washegari da hantsi Tormod ya iso, Lachie na tsaye a kansa. Shi ne fasinja na farko da ya sauka a sabuwar tasha, jan ƙyallen kuwa ba a yanka shi ba, ɗaga shi aka yi akwatin ya wuce ta ƙasa. Minista, wanda ya kwana a gidan Seoras, ya shiga sahu ba tare da an ce masa ba, wannan karon ya ji nauyin, aka kuma dafa shi a kan lokaci.

Sabon jirgin har yau bai zo ba, kuma Dolina ba ta fasa zuwa taro ba, sai ma abin da ya ƙaru. Amma a ranar, da aka iso bakin kabari, ta ratsa tsakanin maza ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin. Waɗanda ke kusa sun ji abin da ta ce, da muryar da ba su san tana da ita ba.

"Tormod, na kamo kwalar. Na ce maka kada ka yi nisa."